Yaushe Doka Ta Yarda Sojan Wata Ƙasa Ya Ƙetare Iyaka?



Duk wanda yake nan Kwatano ranar Lahadi, 7 ga Disamba 2025, ba sai an tuna masa ba. Da sassafe wasu sojoji suka fito a gidan talabijin na ƙasa suka ce sun sauke Shugaba Patrice Talon, kuma Laftanar Kanar Pascal Tigri ne jagoransu. Iyaye suka hana mu leƙa ko ƙofar gida. Kafin dare gwamnati ta ce ta murƙushe yunƙurin, muka kuma ji cewa jiragen yaƙin Najeriya sun kai farmaki kan waɗanda suka maƙale a barikin Togbin. Washegari a majalisar masu shayi ta layinmu gardama ta kaure. Wani dattijo ya ce, "To ni ku faɗa mini, me ya raba wannan da abin da aka so yi wa Nijar a 2023? Can an yi ta ihu wai haramun ne, nan kuma kowa ya yi shiru." Ba wanda ya ba shi amsar kirki. Tambayar nan ce ta sa na yi wannan rubutu, domin akwai amsa, kodayake ba ta da daɗi ta kowane ɓangare.

Tushen maganar wata yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a birnin San Francisco na Amurka ranar 26 ga Yuni 1945, Yaƙin Duniya na Biyu na gab da ƙarewa. Ita ce kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dahomey, wato sunan ƙasarmu na da, ta shiga Majalisar ranar 20 ga Satumba 1960, rana ɗaya da Nijar. Najeriya ta biyo baya ranar 7 ga Oktoba. Duk ƙasar da ta shiga ta ɗauki alkawarin da ke cikin sashe na 2, sakin layi na 4: ba za ta yi amfani da ƙarfin soja a kan wata ƙasa ba, ba kuma za ta yi mata barazana da shi ba. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa. Barazanar ma hanawa aka yi.

Amma an bar ƙofofi. Ta farko kare kai ce, a sashe na 51. In an kawo maka hari da makami, kana da ikon ramawa, kai kaɗai ko tare da abokan da ka kira, sai dai ka sanar da Kwamitin Sulhu nan take, kuma ramuwar ta tsaya daidai gwargwadon harin. Mu a nan muna da misali a gida. Ranar 16 ga Janairu 1977 sojojin haya ƙarƙashin wani Bafaranshe, Bob Denard, suka sauka filin jirgin saman Kwatano don kifar da Mathieu Kérékou. Sojojinmu suka fatattake su cikin 'yan awoyi, daga baya Kwamitin Sulhu ya yi tir da harin. Babu mai cewa Benin ta yi laifi a ranar.

Ƙofa ta biyu izinin Kwamitin Sulhu ce. Ƙasashe 15 ne a cikinsa, ana bukatar ƙuri'a 9, kuma kada ko ɗaya daga cikin manya biyar, Amurka, Rasha, Sin, Faransa da Birtaniya, ta hau kujerar na-ƙi. Sashe na 53 ya ƙara da cewa ƙungiyar yanki irin CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, ba za ta tilasta wa wata ƙasa da ƙarfin soja ba sai da wannan izinin.

Ta uku ba a rubuta ta ɓaro-ɓaro a kundin ba, amma duniya ta yarda da ita: gayyata. In mai gida ya ce ka shigo, ba ka haura katanga ba. Nan ne amsar tambayar dattijon nan take. A Disamba 2025 gwamnatin Benin tana tsaye, shugaban ƙasa ba ya hannun kowa, yawancin sojoji suna bin umarninsa, kuma ma'aikatar harkokin waje ce ta rubuta wa Abuja tana neman taimako. Ba a kan Benin aka yi amfani da ƙarfi ba a idon doka, tare da ita aka yi. Abin da ya rage wa Shugaba Bola Tinubu dokar gidansa ce, don tsarin mulkin Najeriya ya ce tura soja yaƙi waje sai da yardar Majalisar Dattawa, ita kuwa ta amince ranar 9 ga Disamba.

To, Nijar fa? Nan abin ya cakuɗe. Ranar 26 ga Yuli 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin shugaba. Ranar 30 ga Yuli shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Wa'adin ya cika ba abin da ya canja. Ranar 10 ga Agusta suka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana, kuma an ambaci Benin cikin ƙasashen da za su ba da soja.

Mu gwada ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya. Kare kai? Nijar ba ta harbi kowa a wajen iyakarta ba. Juyin mulki, komai muninsa, ba hari ne a kan maƙwabci ba. Izinin Kwamitin Sulhu? Kwamitin ya yi tir da juyin, ya nemi a saki Bazoum, amma bai ba kowa izinin yaƙi ba, Rasha kuwa ta fito fili ta yi gargaɗi kan tura soja. Saura gayyata. Bazoum zaɓaɓɓe ne, bai yi murabus ba, duniya tana ɗaukarsa shugaba, har ma daga inda yake tsare ya aika rubutu wata jaridar Amurka yana neman a taimaka a maido da tsarin mulki. Sai dai ga tambayar da masana doka suka daɗe suna ja-in-ja a kanta: wa ke da ikon gayyata, wanda yake da haƙƙin kujera ko wanda yake riƙe da gari? Tsohuwar fahimta ta ce sai gwamnatin da ke da iko a ƙasa. Sabuwar, wadda ta fi ƙarfi a Afirka, ta ce halaccin zaɓe ya fi bindiga. A Disamba 2025 Talon yana da duka biyun. Bazoum ɗaya ya rage masa.

CEDEAO tana da wata hujjar. Akwai yarjejeniyar da aka yi a Lome a Disamba 1999, wadda ta ce ƙungiyar za ta iya sa baki in an kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. Masu goyon baya suka ce ai Nijar ta sa hannu, ke nan ta ba da izini tun kafin abin ya faru. Masu suka suka ce sashe na 103 ya ɗora kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kowace yarjejeniya, don haka takardar Lome ba ta goge sashe na 53. Aka kuma kawo misalin Gambiya, inda a Janairu 2017 sojojin Senegal suka shiga bayan Yahya Jammeh ya ƙi sauka. Amma can sai da aka rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, shi ya yi kiran, kuma ko ƙuduri mai lamba 2337 da Kwamitin Sulhu ya yi ranar 19 ga Janairu cewa ya yi a fara bin hanyar siyasa. Jammeh ya fice bayan kwana biyu, ba a gwabza ba. Ita ma Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agusta 2023, amma ba ta sa albarka ga yaƙin ba.

Ni dai a nawa ganin, ƙafar da CEDEAO ta tsaya a kai a 2023 ba ta da ƙwari. In kuwa yaƙin bai halatta ba, to barazanar da aka yi da shi ita ma akwai magana a kanta. Amma kada a ce na wanke kowa. Tsare zaɓaɓɓen shugaba shi ma karya doka ne, ta Nijar da ta ƙungiyar. Ita kanta ƙofar gayyata tana da aibinta: duk wanda ke kan kujera take karewa, adali ne ko azzalumi, muddin ya riga abokan gabansa ɗaukar waya.

Sannan fa ba doka kaɗai ta hana yaƙin ba, lissafi ma ya hana. Nijar ba Gambiya ba ce. Faɗinta ya fi na Najeriya. Mutumin da za a je ceto yana hannun waɗanda za a kai wa hari. Mali da Burkina Faso sun ce taɓa Nijar taɓa su ne. Aljeriya ta ce ba ta yarda ba. Uwa uba, iyakar Najeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, kuma mutanen Katsina da Maraɗi, Sakkwato da Birnin Konni, dangi ne, surukai ne, harshe ɗaya. Majalisar Dattawan Najeriya ta nemi a bi hanyar sulhu tun 5 ga Agusta. Malaman addini daga Najeriya, ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, suka je Yamai suka gana da Tiani, daga baya Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar su ma suka samu ganinsa. Sannu a hankali maganar runduna ta mutu.

Ba a harba harsashi ba, amma mu a Zongo mun ji a jikinmu. Kawuna direban gingimari ne, daga tashar jiragen ruwa yake ɗaukar kaya zuwa Maraɗi. Ya yi makonni a Malanbil yana kwana ƙarƙashin mota, an toshe gadar da ke zuwa Gaya, mutane sai dai su ƙetare kogi a kwalekwale. Albasa ta yi tsada a Dantokpa. 'Yan kasuwa da yawa suka juya kayansu ta Lome da Burkina, hanya mai nisa da haɗari. A Satumba 2023 Nijar ta soke yarjejeniyar soja da ke tsakaninta da Benin, tana zargin an girke dakarun da za su kai mata hari a nan. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata. Rikicin ya kai har kan bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

Abin mamaki, ƙasashen nan biyu sun taɓa bin wata hanyar. Tun farkon samun 'yancin kai suke jayayya a kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, har a ƙarshen 1963 Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, aka kusa kai ruwa rana. A Yuni 2001, a nan Kwatano, suka sa hannu cewa su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta raba tsibirai 25: Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Benin ta rasa wanda ta fi so, ta kuma karɓi hukuncin. A cikin wannan shari'ar ce alƙalan suka fayyace inda iyaka ta ratsa a kan gadar Malanbil da Gaya, gadar da kawuna ya kwana yana kallo.