Neman Sawun Kaka a Rundunar Soja

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi, cikin zangunan Ankara ta Ghana, da wuya a ce bai taɓa jin kakan wane ya je yaƙin Bama ba. Amma idan ka matsa da tambaya, ka ce a wace bataliya, a wace shekara, kuma da wane suna aka rubuta shi, sai ka ga riwayar ta yanke, domin mazan jiya sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun manyanta, abin da ya saura a hannun jikoki bai wuce akwatin ƙarfe da lambar tagulla da hoton wani saurayi cikin kaki ba.

Alaƙar zango da bariki tsohuwa ce. Tun 1863 Kyaftin Glover ya tara mayaƙan Hausawa a Legas, irinsu aka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, daga wannan tushe kuma aka gina rundunar Gold Coast a 1901, wadda Hausa ta zama harshen barikinta ko da kurtu Bamoshe ne ko Bazabarme. Wannan runduna ta yi yaƙi a Togo da Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin duniya na farko. A na biyu kuwa ta kara da Italiya a Somaliya da Habasha, sa'an nan ta haye teku zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, inda aka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Da aka sallami sojojin, da yawa ba su koma arewa ba, sai suka sauka a Nima, unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a 1931.

Babbar mushkilar mai bincike ita ce suna. Akawun bariki ba ruwansa da nasaba: yakan ɗauki sunan yanka na kurtu, ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsa, Moshi ko Dagomba ko Kano, ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. Hatta Alhaji Grunshi, wanda ake ƙidayawa sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a yaƙin 1914, can a Togo, da sunan ƙabila tarihi ya san shi. Saboda haka mutumin da gida ke kira da sunan mahaifinsa yana iya kasancewa a takarda da wani suna dabam, wanda mutum hamsin suka yi tarayya da shi a cikinsa. Abin da ke raba gardama shi ne lambar soja, wadda a yaƙi na biyu takan fara da haruffan GC ga sojan Gold Coast. Wanda ya sami littafin sallama ko takardar fansho ya sami mabuɗi. Lambobin yabo na yaƙin farko a juya su a duba gefensu, domin an zana lamba da muƙami da suna. Taurarin yaƙi na biyu kuwa, irin Tauraron Bama, ba suna aka raba su, sai dai su shaida fagen da aka tura mutum.

Kafin a nufi ma'ajiyar hukuma, wajibi ne a durƙusa gaban tsofaffi, musamman gwaggo da inna, waɗanda su suka riƙe labarin da maza suka yi sakaci da shi. A bi da su yadda malaman hadisi ke bin isnadi, a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, a rubuta kome, har sunan samanjan da Baba ke yawan ambata, domin irin wannan ƙaramar alama ita kan nuna bataliya.

Daga nan sai ma'ajiyar takardun ƙasa ta PRAAD a Ankara, da gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi, da hukumar tsofaffin sojoji. A ma'ajiyar Kew ta Ingila akwai katunan lambobin yabo na yaƙin farko, da littattafan da kowace bataliya ke rubuta al'amuranta na yau da kullum. Waɗannan ba safai suke ambaton farabiti da suna ba, amma za su gaya maka kogin da aka ƙetare da ranar da aka gwabza, ka san inda kakanka ya taka.

Wanda bai dawo ba, a neme shi a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wadda ake bincikawa kyauta ta intanet, ita ce kuma ke kula da maƙabartar Christiansborg da ke Osu da ta Taukkyan kusa da Rangun. Sai dai hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba. Wannan zalunci ne a kan matattu, kuma rashin suna a dutse ba hujja ba ce a kan riwayar gida.

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan akwai tsohuwa a gidanku da ta ga wannan soja da idonta, ka ɗauki alƙalami ka je wurinta a wannan Juma'ar, ka rubuta sunansa na gida da na bariki a shafi guda, ka kuma sa shi cikin addu'a.