Wata 60 a Rubuce, Wata 54 a Aikace: Lissafin Fasfo a Tasawa da Mayahi

Fasfon Nijar na shekara 5 ne, wato wata 60, kuma haka yake a rubuce a shafin da ke ɗauke da hoton mai shi. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban ɗan ajans a Maraɗi da niyyar Umura ya san ba haka ake ƙirga shi ba. Saudiyya ba ta karɓar baƙo sai fasfonsa yana da sauran wata 6 a gaba. Dubai, inda ƴan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya, ita ma wata 6 take nema. A cire 6 daga 60, saura 54. Waɗannan wata 54 su ne ainihin abin da mutum ya saya da kuɗinsa. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen sun ɗan sassauta, su wata 3 suke so bayan ranar da baƙo zai bar ƙasarsu, tare da shafi biyu da ba a buga wa hatimi ba.

Wata 6 cikin 60 kashi ɗaya ne cikin goma. In aka tara fasfo ɗari waɗanda ba su mutu ba, aka ɗauka cewa an buga su a warwatse cikin shekaru biyar ɗin da suka wuce, goma daga ciki za su faɗa cikin wannan zangon na ƙarshe: a ido suna da rai, a filin jirgi gawa ne. A Najeriya, inda ake iya zaɓar fasfo na shekara 10, asarar mai irin wannan ɗaya ce cikin ashirin. Ɗan Tasawa ba shi da wannan zaɓin.

Ga yadda abin ke kama mutum. A ce wani ɗan kasuwa a Kanambakashe an buga masa fasfo a watan Oktoban 2020. Ranar mutuwarsa Oktoban 2025. Ya yi niyyar Hajjin 2025, wanda aka yi tsayuwar Arfa ranar 5 ga Yuni. Ya buɗe fasfo ya duba, ya ga da sauran wata huɗu bayan Arfa, ya mai da shi ƙasan akwati hankalinsa kwance. To amma jirgin alhazan shekarar a watan Mayu yake tashi, kuma wata 6 daga tsakiyar Mayu sai tsakiyar Nuwamba. Wata ɗaya tak ya gaza. Abin da zai ji daga bakin ɗan ajans bai wuce, “Alhaji, wannan ai ba ya da wata shida.”

Kuma lissafin shirin tafiya ba daga ranar tashi yake farawa ba, daga ranar rufe biza ne. Jadawalin da Saudiyya ta fitar na Hajjin 2024 ya sa a fara ba da biza ranar 1 ga Maris, a rufe ranar 29 ga Afrilu, alhali Arfa sai 15 ga Yuni. Kwana 47 ke nan tsakanin rufe ƙofa da ranar da maniyyaci ya sa a ransa. Kafin nan kuma ajans tana bukatar fasfon don ta shigar da sunan mutum, hukumar alhazai ta COHO ta tantance. Ga shi Hajji ba ya tsayawa wuri ɗaya a kalandar Nasara: Arfa ta kama 27 ga Yuni a 2023, 15 ga Yuni a 2024, 5 ga Yuni a 2025. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 zuwa 12. Wanda ya ce “bara ai war haka na kai takarduna” ya riga ya makara da kusan mako biyu bai sani ba.

Akwai wani rukuni da annobar korona ta cinye wa fasfo a banza, kuma ba a cika maganarsu ba. A 2020 da 2021 babu wanda ya je Hajji daga wajen Saudiyya. A 2022 an buɗe, amma da rabin kujeru ko ƙasa da haka, kuma an hana wanda ya haura shekara 65. Dattijon da ya haura 65, wanda ya sayar da shanu ya yi fasfo a farkon 2020, cikin Hajji biyar da fasfonsa ya riska, biyu kawai ya halatta masa, na 2023 da na 2024. In Allah bai kira shi cikin biyun nan ba, sai sabon fasfo, alhali tsohon ko hatimi ɗaya bai sha ba.

Mutum nawa lamarin ya shafa a gundumomin nan biyu? Ƙidayar 2012 ta ba Mayahi mutum 557,186, Tasawa 515,852. Jimilla 1,073,038, kusan kashi ɗaya cikin uku na jihar Maraɗi mai mutum 3,402,094, kuma kashi 6 da ɗoriya cikin ɗari na ƙasar, wadda a lokacin take da 17,138,707. Kujerun Hajjin Nijar a 2023 da 2024 su 15,891 ne. Da za a raba su gwargwadon yawan jama'a, da Tasawa da Mayahi sun tashi da kusan dubu ɗaya. Ba haka ake rabo ba, mai kuɗi ne ke biya, amma adadin ya isa ya nuna girman abin. Ba a ma sa masu Umurar azumi ba, da ɗalibai masu zuwa Masar ko Maroko ko Turkiyya, da marasa lafiya da likita ya tura waje.

Kuɗin da aka daɗe ana biya wa fasfo mai tambarin CEDEAO shi ne sefa 35,700, a bakin kasuwa jika talatin da biyar da dala ɗari da arba'in. In aka raba shi wata 60, kowane wata ya tashi 595. In aka raba 54, ya koma 661. Ga ma'aikaci ba ƙaramin kuɗi ba ne: daga 2012 zuwa ƙarshen 2023 mafi ƙarancin albashi a ƙasar 30,047 ne, wato fasfo ya fi albashin wata guda. Da aka ɗaga albashin zuwa 42,000 a Janairun 2024, fasfo ya koma kashi 85 cikin ɗari na abin da talakan ma'aikaci ke ɗauka. Amma ga maniyyaci, wanda kujerarsa ta haura miliyan 3, wannan kuɗi bai wuce kashi ɗaya da ƴan kai cikin ɗari na abin da zai kashe ba. A ganina nan ne sakacin yake fitowa. Ana shekara ana tara miliyoyi, ana lissafin gero da wake da bisashe, abu mafi arha a cikin tafiyar kuwa a bar shi sai ƙarshe, shi kuma kaɗai ne ba a iya rantowa wajen ɗan'uwa.

Sai dai 35,700 kuɗin gwamnati ne kawai. Hanya ma tana da nata. Hukumar ƴan sanda ta DST ce ke ba da fasfo, cibiyarta tana Yamai, kuma fasfon zamani ba a aika yaro ya yi wa mutum: sai an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa yana tsaye. Daga Tasawa zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne, ta Gazawa da Agye da Cadawa. Daga Mayahi kuwa wajen 90. In lamarin ya kai mutum har Yamai, sai ya ƙara wajen kilomita 660 daga Maraɗi. Ɗan Tasawa zai ci kusan 780 zuwa, 1,560 zuwa da dawowa, yini cur cikin kar kowane zango, ban da masauki da abinci da kuɗin adaidaita. Wanda ya fito daga Urafan ko Gidan Amumun sai ya fara da neman motar ranar kasuwa kafin ya ga kwalta. Takarda ɗaya ta ɓace daga cikin fayil, duk wannan tafiyar sai a maimaita ta.

Takardun kuwa su ne suka fi kayar da mutanen karkara. Ana neman takardar haihuwa, da takardar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa, da katin ɗan ƙasa da bai mutu ba, mai sabuntawa kuma ya haɗa da tsohon fasfonsa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya gano cewa kashi 32 cikin ɗari kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. A 2012 adadin ya kai kashi 64, birane sun haura 90, karkara tana wajen 60. Ci gaba ne, amma yaran 2012 ba su ne ke zuwa Hajji ba tukuna. Masu zuwa haihuwar shekarun 1960 ne da 1970, lokacin da haihuwa a ɗaki ita ce ƙa'ida, rajista kuwa sai ɗan ma'aikaci. Irin waɗannan sai sun bi ta gaban alƙali da shaidu a yi musu hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa. Shi ya sa in ka duba fasfon alhazan ƙauye goma, za ka ga da yawa an haife su rana ɗaya, 1 ga Janairu.

A ƙasan shafin hoto akwai layi biyu na haruffa da lambobi da alamomi kamar kan kibiya, kowane layi gurbi 44. Su na'ura ke karantawa a filin jirgi. Layin sama sunan mutum ne, na ƙasa lambar fasfo da ranar haihuwa da ranar mutuwar fasfon. Na'ura ba ta san cewa Mahamadou da Mahamane da Mamane mutum ɗaya ne a gidansu ba. In takardar haihuwa ta ce Issoufou, katin ɗan ƙasa ya ce Youssouf, gyaran sai an koma kotu, kuma kotu ba ta san jirgi zai tashi ba. Mai sabuntawa ma bai tsira ba: sabon fasfo da sabuwar lamba yake zuwa, don haka in ajans ta riga ta shigar da tsohuwar, sai an bi an gyara kafin biza ta fito.

Tun 29 ga Janairun 2025 wata tambaya ta ƙaru a tasha da majalisa: shin fasfo mai tambarin CEDEAO yana aiki? A ranar ce ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, kuma ita ce ranar da ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya sa don fara aiki da nasa fasfon. Sanarwar AES ta ce tsofaffin fasfo suna nan daram har ranar mutuwarsu. Ita ma CEDEAO ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku masu tambarinta, su bar su suna shiga ba biza, har sai ta ce wani abu dabam. Wannan ya shafi ƴan cin rani masu gangarawa Katsina da Kano da Legas fiye da alhazai, domin yarjejeniyar 1979 ce ta ba su zaman kwana 90 ba biza. Ga mai shirin Makka, tambarin bango bai canza komai ba, ranar da ke ciki ita ake dubawa.

Allurar rigakafi ma tana da nata ƴan kwanaki. Ta shawara ba ta fara ƙirguwa sai bayan kwana 10, amma tun Yulin 2016 sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Ta sanƙarau, wadda Saudiyya ta wajabta wa alhazai, ita ma sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma tana ƙarewa bayan shekara 3 ko 5, gwargwadon irin wadda aka yi.

Arfar 2027, in Allah ya kai mu, za ta faɗo wajen tsakiyar Mayu, gwargwadon ganin wata. Jiragen farko za su tashi cikin Afrilu. Wata 6 daga nan ya kai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Duk mai niyyar wannan shekarar wanda aka buga wa fasfo kafin Nuwamban 2022, sabo zai yi, kuma ya kamata sabon ya kasance hannun ajans kafin azumin shekarar, wanda zai kama a farkon Fabrairu.