Lambar Waya Ba Ta Isa Ta Riƙe Shaidar Mutum Ba

A watan Nuwamba na 2019 hukumar kula da sadarwa ta Gabon, ARCEP, ta mayar da lambobin wayar ƙasar daga alƙaluma 8 zuwa 9. Dare ɗaya lambar kowa a Libreville ta canza, daga ma'aikacin banki har ɗan tiredan kasuwar Mont-Bouët, alhali mutanen suna nan yadda suke. Wannan sauyi ya fito da wani bambanci da masu tsara rumbun bayanai a kwamfuta kan yi wa riƙon sakainar kashi: bayanin da aka hana ya maimaitu daban, bayanin da aka jingina shaidar mutum a kansa daban.

Tun da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarinsa na rumbun bayanai a 1970, ana zuba bayanai ne cikin jadawali, kowane mutum da layinsa. Babban makulli shi ne gurbin da ake gane layi da shi. Ɗaya tak yake a jadawali, ba a barinsa fanko, kuma da shi sauran jadawalai ke nemo mai layin. Makullin hana maimaici kuwa aikinsa gadi ne, ya tabbatar ba layi biyu masu abu iri ɗaya a gurbin. Ana iya ɗora shi a gurabe da yawa, lambar waya, adireshin imel, lambar fasfo, kuma yawancin manhajoji suna yarda a bar gurbin fanko. A ɗauka wani dillali a Mont-Bouët ya mai da lambar waya babban makullin abokan cinikinsa. Jadawalin bashi, na biya, na kai kaya, duk da ita aka ɗaure su, don haka ranar da ta canza sai an bi kowanne an gyara, kuma inda aka tsallake, bashi ya rabu da mai shi. Da ya ba kowa lambar da ba ta canzawa, wadda kwamfuta ke rabawa a jere, ya bar wayar a hannun makullin hana maimaici, gurbi ɗaya kawai zai taɓa.

Wani zai ce ai Gabon tana da lambar shaida ta NIP, wadda aka yi ta don ta zauna da mutum har mutuwa, to me ya hana a yi babban makulli da ita? A rajistar hukumar da ke ba da lambar, babu laifi. Amma asibiti ko shago ba sa zaɓen wanda zai shigo. Jaririn da aka haifa da asuba ba shi da ita, haka baƙon da ya sauka jiya daga Maraɗi ko Garwa, kuma babban makulli ba ya karɓar fanko. Sai dai a kori mutum ko a ƙirƙiro masa lambar bogi, duk biyun kuwa ɓarna ce.

Akwai suka mai ƙarfi fiye da wannan: lambar da kwamfuta ke rabawa a jere ba ta hana a rubuta Muhammadu Sani ɗaya sau biyu, kowanne da lambarsa. Gaskiya ne, kuma nan ne mai tsari ba shi da uzuri in ya tsaya a babban makulli kaɗai. Dole ya ɗora makullin hana maimaici a kan NIP ko lambar fasfo, domin in mutumin ya dawo da takardarsa ta farko, kwamfuta ta ƙi buɗe masa sabon layi.