Abin da ya kamata ku sani: takardar shaidar da ke tsaron kuɗinku a waya

Idan makiyayi a Bader Goula ya sayar da rago ya tura wa ɗansa kuɗi Maraɗi ta Airtel Money ko Nita, shi dai ya ga saƙo ya tafi ya isa. A ɓoye kuwa kwamfutoci da dama ne suka yi magana: wayar wakilin da ya karɓi kuɗin ta kira kwamfutar kamfani, ta kamfani ta kira ta banki. Haka alƙaluman da ma'aikatan lafiya ke zubawa a manhajar DHIS2 suke ratsa hanya kafin su kai Yamai. A waɗannan mahaɗai ɓarawo ke laɓewa.

Maganin farko shi ne a dagula saƙon yadda mai leƙe ba zai gane komai ba. Tsarin da ke wannan aiki sunansa TLS. Ya fito a 1999, ya gaji SSL na kamfanin Netscape, kuma sabon zubinsa na 2018 ne. To amma me dagulawa za ta amfana idan da ɓarawon ake hira? Shi ya sa kowace kwamfuta sai ta nuna takardar shaida, kamar katin ɗan ƙasa: ga suna, ga hatimin hukumar da ta ba da ita, ga ranar ƙarewa. A harka tsakanin kamfani da banki, ya kamata kowa ya nuna tasa.

Masu hatimin ma akan yi musu kutse. A 2011 an shiga DigiNotar na ƙasar Holan, ɗaya daga cikin masu hatimin, aka buga shaidar jabu da sunan Google, aka riƙa leƙen wasiƙun mutane a Iran. Shekarar ba ta ƙare ba sai da DigiNotar ya durƙushe.

Sai dai a ganina sakaci ya fi ɓarawo yawan ɓarna. Ranar 6 ga Disamba, 2018, wata shaida ta ƙare a cikin manhajar Ericsson da kamfanonin waya ke amfani da ita, ba wanda ya sabunta ta. Miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya suka wuni babu intanet, na SoftBank a Japan ma suka ɗanɗana. Irin wannan sakaci na cikin dalilan da suka sa ake ta rage wa'adin: shaidar da hukumar Let's Encrypt ke bayarwa, wadda kyauta ce, kwana 90 take yi, don dole a bar wa na'ura aikin sabuntawa. An kuma tsayar cewa daga 2029 ta shafukan intanet ba za ta wuce kwana 47 ba.

Ku da ke riƙe da waya fa? Alamar kwaɗo a saman shafi ba ta nufin mai shafin mutumin kirki ne, 'yan damfara ma suna samun shaida da sunan shafinsu, don haka ku karanta adireshin harafi-harafi. Idan kuma waya ta yi gargaɗi cewa shaida ba ta inganta ba, ku fara duba kwanan watanta, domin wayar da ta daɗe a mace kafin a kai ta caji takan tashi da tsohuwar shekara. In kwanan wata daidai yake kuma gargaɗin bai tafi ba, kada ku sa lambar sirri, ku je wurin wakili.