Ciwon Sangalin Hannu: Abin da ke Jawo Shi da Hanyoyin Samun Sauƙi

Duk wanda ya tsaya a Tashar Kawo da ke Kaduna da safe zai ga yadda 'yan dako ke ciccibar buhuna zuwa motocin Zariya da Kano da Katsina. A gidajen unguwar kuma mata na daka a turmi, 'yan mata na matse wanki, ɗalibai kuwa na shafe sa'o'i riƙe da biro lokacin jarrabawa. Ayyukan sun bambanta, amma sau da yawa kukan ɗaya ne: ciwo a cikin sangalin hannu, wato tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu, ta ɓangaren tafi. Ga mai neman abinci da ƙarfin hannunsa, wannan ciwo na iya tsayar da sana'a.

Yadda hannu ke aiki

Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da ƙarfi suna cikin sangali ne, kuma dogayen jijiyoyi masu kama da igiya ke haɗa su da yatsu. Ɗalibi na iya tabbatar da haka idan ya dafa cikin sangalinsa na dama da hannun hagu, sannan ya dunƙule: nan take zai ji tsokar ta yi tauri. Akwai tsokoki 8 a wannan ɓangare, kuma 5 daga cikinsu suna da tushe a wani ɗan tudun ƙashi da ke cikin gwiwar hannu. Saboda haka duk wani riƙo mai ƙarfi yana jan wannan wuri guda.

Musabbabin ciwon

Tsoka ta ƙunshi siraran zaruruwa masu ɗimbin yawa. Idan aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta farat ɗaya, kamar fizgar buhu daga ƙasa, wasu zaruruwan kan yage, sai ciwo da kumburi su biyo baya. Hanya ta biyu ta fi yawa, kuma a hankali take zuwa: maimaita motsi iri ɗaya kullum ba tare da hutu ba, har jijiyar da ke maƙale da ƙashin gwiwar ta raunana. Wannan sani ya daɗe. Tun a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bayyana yadda yawan rubutu ke gajiyar da hannun magatakarda har ya kasa aiki.

Samun sauƙi

Mataki na farko shi ne rage aikin da ya jawo ciwon. A kwana 2 zuwa 3 na farko ana iya naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora ta a wurin na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana. Ba a ɗora ta kai tsaye a fata. Murza wurin da ƙarfi ko gasa shi da ruwan zafi a waɗannan kwanaki na iya ƙara kumburi. Farasitamol na rage zafi, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji magunguna irin su ibuprofen sai da izinin likita.

Likitoci a yau ba su goyon bayan ɗaure hannu a ajiye na tsawon lokaci, domin tsokar da ba ta motsi rauni take ƙarawa. Da zarar zafi ya lafa, sai a miƙe hannu, tafi na kallon sama, a ja yatsu ƙasa a hankali da ɗaya hannun na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ƙaramin rauni kan warke cikin 'yan makonni, na jijiya kuwa yakan ɗauki watanni. Wajen rigakafi, ɗan dako ya riƙa rungumar kaya kusa da jiki, ɗalibi kuma ya sassauta riƙon biro, ya riƙa ɗan hutar da yatsunsa.

Alamomin haɗari

Ba kowane ciwon sangali ne na tsoka ba. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka sage ko suna tsikari kamar allura, wataƙila jijiyar saƙo da ta ratsa bayan gwiwar hannu ce ta matsu. Haka nan idan hannu ya karkace bayan faɗuwa, ko ya kumbura ya yi tauri, ko ciwo ya wuce mako 2 bai sassauta ba, sai a tafi asibiti, kamar Babban Asibitin Kawo. Ciwon hannu da ya zo tare da nauyin ƙirji da zufa da sarƙewar numfashi kuwa yana iya zama alamar bugun zuciya, kuma ba ya jiran gobe.

Malamai na da rawar takawa. Ɗalibin da ke yawan yarfa hannu a aji yana bukatar a tambaye shi irin aikin da yake yi a gida, domin rigakafi ya fi magani.