Haƙƙin jama'a a kan kamfanoni: Ina masana suka bar giɓi?

Sama da shekaru 70 ke nan masana a jami'o'in duniya ke muhawara a kan nauyin da ya rataya a wuyan kamfanoni game da jama'ar da suke harka a cikinta. To amma har yanzu ana ƙorafin cewa akasarin binciken ya fi duba aljihun kamfani fiye da halin da talaka ke ciki.

An dai fi danganta mafarin wannan fanni da littafin da wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Howard Bowen, ya wallafa a 1953, inda ya ce wajibi ne ɗan kasuwa ya yi la'akari da muradun al'umma. A 1970 kuwa sai Milton Friedman ya ƙalubalanci wannan ra'ayi, yana mai cewa aikin kamfani shi ne nemo riba ga masu hannun jari, muddin bai karya doka ba.

Wannan saɓani ne ya sa masu bincike suka duƙufa a kan tambaya guda: shin kyautata wa jama'a na ƙara wa kamfani riba? A 2003, Joshua Margolis da James Walsh sun ƙirga nazarce-nazarce 127 da aka yi a kan haka tsakanin 1972 da 2002, suka kuma nuna cewa ba a cika tambayar ko jama'ar sun amfana ba.

Darasin Naija Delta

Yankin Naija Delta mai arzikin man fetur na daga cikin wuraren da wannan giɓi ya fito fili. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni 8 a watan Nuwamban 1995, kamfanin Shell ya sha suka a duniya, ya kuma faɗaɗa ayyukan raya karkara a yankin.

Sai dai a wani nazari da ya wallafa a 2005, Jedrzej George Frynas ya ce galibin irin waɗannan ayyuka na kamfanonin mai an tsara su ne domin gyara suna da samun damar haƙo mai cikin lumana, ba tare da an tuntuɓi mazauna yadda ya kamata ba. Sakamakon haka akan gina asibiti ko makaranta a bar su babu ma'aikata.

A 2011, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsabtace ƙasar Ogoni daga malalar mai ka iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30.

Ma'aunin Turawa

Giɓi na biyu shi ne yawancin ƙa'idojin fannin an gina su ne a kan manyan kamfanonin Amurka da Turai, inda hukuma ke samar da ruwa da hanya da wuta. Wani bincike da Kenneth Amaeshi da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya gano cewa kamfanonin Nijeriya sun fi ɗaukar lamarin a matsayin taimakon jama'a domin rage raɗaɗin talauci. Haka kuma, abin da ƙananan 'yan kasuwa ke bayarwa ta hanyar zakka da waƙafi ba ya shiga rahoton shekara-shekara, wanda masu bincike da dama ke dogaro da shi.

Wasu ƙasashe dai sun mayar da abin doka. A 2013 Indiya ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan ayyukan al'umma. A Nijeriya ma, dokar man fetur ta 2021 ta tanadi ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da ayyukan kamfanonin haƙo mai ga garuruwan da ake aikin a cikinsu.

Abin da ya rage ga masana shi ne su shiga garuruwan su auna ko famfon na kawo ruwa, asibitin kuma na da magani, shekaru bayan bikin buɗe su.