Shari'ar Farko Da Ɗalibin Lauya Zai Tsaya Wa Ita Ce Ta Kansa

Daga Wakilinmu a Maiduguri

Kwanan baya wani yaro ɗan Tsohuwar Maiduguri, wanda ke cikin shekararsa ta biyar ta karatun shari'a a jami'a, ya yi mini sallama bayan La'asar, riƙe da ambulan. Mahaifinsa aminina ne, shi ya ce masa ya kawo mini in duba kafin ya kai inda zai kai. Abin da ke ciki shi ne takardar nan ta tarihin karatu da aiki wadda 'yan boko ke kira CV, watau wadda ake haɗawa da wasiƙar neman aiki. Bukatarsa ita ce wani ofishin lauyoyi ya karɓe shi ya riƙa koyon aiki kafin a kira shi Makarantar Horon Lauyoyi, in kuma Allah Ya sa an gamsu da shi a riƙe shi bayan ya gama bautar ƙasa.

Takardar shafi huɗu ce cur. A can sama an rubuta sunansa da manyan haruffa, an kuma maƙala masa "Barista" a gaba. Ƙarƙashin wannan sai wani dogon zance da Turanci, wai shi mutum ne mai himma da ƙwazo, mai son haɗa kai da jama'a don ciyar da ma'aikata gaba. Na ce masa, "Ɗana, wa ya tsara maka wannan?" Ya ce, "Baba, a wani shagon buga takardu aka yi mini, suna da ita a ajiye cikin kwamfuta, suna kawai suke sauyawa." Watau dai kalmomin da aka yabi mai neman aikin banki da su jiya, da mai neman aikin gadi shekaranjiya, su ne aka yafa wa lauyan gobe. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

A zamanin da, babu lauyan Arewa da ya sha irin wannan wahala. Sa'ad da Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina ya zama lauya a Ingila cikin 1956, aikin gwamnatin Jihar Arewa na nan yana jiransa, daga nan ya yi ta hawa har ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Ita kanta Makarantar Horon Lauyoyi, da ta buɗe a titin Igbosere a Ikko cikin Janairun 1963, da ɗalibai takwas rak ta fara. A yau hedkwatarta na Bwari kusa da Abuja, tana da rassa a Ikko da Inugu da Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal, kuma dubban sababbin lauyoyi take yayewa kowace shekara. Saboda haka babban lauyan da ke bukatar yaro ɗaya a ofishinsa tarin ambulan yake samu a kan tebur, kuma ba shi da lokacin karanta shafi huɗu na yabon kai. Zai duba na farko, in bai ga abin kamawa ba ya ture.

Abin da na gaya wa yaron nan shi ne ya ɗauki wannan takarda tamkar takardar ƙara ce zai shigar a kotu, shi ne lauya, shi ne kuma mai ƙara. Shari'ar Musulunci da dokar shaida ta Nijeriya sun haɗu a kan ƙa'ida guda, cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. To, kowane layi a takardar tarihi da'awa ce, kuma wanda zai karanta ta lauya ne, mutumin da sana'arsa ita ce neman inda magana ta yi rauni. Duk layin da ba ka da takarda ko mutumin da zai tabbatar da shi, ka soke shi tun kafin a soke maka.

Da wannan ma'auni muka fara, kuma "Barista" ce ta fara faɗuwa. Mutum ba ya zama lauya a Nijeriya sai ya gama digiri, ya ci jarrabawar Makarantar Horon Lauyoyi, majalisar dattawan lauyoyi ta karɓe shi cikin sahu, an kuma shigar da sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Wanda ya nuna kansa lauya ne kafin haka ya yi laifi a ƙarƙashin dokar aikin lauya. Kai, ko waɗanda suka riga suka zama lauyoyin ma, kwamitin ladabtar da lauyoyi ya taɓa yanke hukunci, wanda aka buga cikin 2017, cewa maƙala wannan kalma gaba da suna bai dace da ɗa'ar sana'ar ba, ko da yake a nan Arewa bakinmu ya riga ya saba da ita. In 'yan unguwa suna kiran ɗalibi Barista don ƙauna, ya amsa musu da murmushi, amma kada ya bari ta hau takarda.

Sai batun suna, wanda a nan Barno yake da nasa rikici. Yaro ne a gida ake kiransa Modu, a firamare malami ya rubuta Muhammad, a jarrabawar gama sakandare aka rubuta Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma aka sa sunan kaka a gurbin na uba. Haka Bukar da Abubakar, haka Falmata da Fatima. Mu duk mun san mutum ɗaya ne, amma magatakardan da ke Abuja mutum uku yake gani. Takardun yaron nan suna iri biyu ke kansu, shi kuwa ya ƙirƙiro na uku a takardar neman aikin. Wajibi ne ɗalibi ya tsaya a kan sunan da ke takardunsa na makaranta, in akwai saɓani ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya gyara tun yanzu, domin sunan da zai shiga rajistar Kotun Ƙoli shi zai bi shi har ƙarshen aikinsa.

Akwai kuma waɗanda takardun ne ma babu. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri da Jere, ya ci akwatuna da abin da ke cikinsu. Takardar shaidar sakandare ta wannan yaro tana cikin abin da ya jiƙe har rubutun ya narke. Wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba. Hanyar a fili take: rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa, sa'an nan a nemi tabbacin sakamako daga hukumar jarrabawar, ita WAEC ma tun 2022 tana ba da takardar shaida ta intanet. Abin da ba a so shi ne a kira mutum ganawa, a ce ina asalin takardun, a lokacin ne zai fara ba da labarin ambaliya.

Shekaru su ma haka. Digirin shari'a shekara biyar ne, amma wanda ya shiga jami'a kafin 2020 ya ga yajin aikin malamai na wannan shekara, ya kuma ga na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk mai ɗaukar aiki a ƙasar nan ya san haka, don haka babu dalilin matse shekaru don a ga kamar an gama da wuri. Wanda bai gama ba ya rubuta shekarar da ya shiga da wadda yake sa ran gamawa. Wanda ya zama lauya kuwa ya sa shekarar da aka karɓe shi a inda ido zai fara sauka, gama a wannan sana'a da ita ake auna girma: da ita ake sanin wanda za a fara kiran shari'arsa a kotu, da ita ake ƙirga shekara goma na cancantar zama alƙalin Babbar Kotu, da goma sha biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara, da goma sha biyar na Kotun Ƙoli. Game da rage shekarun haihuwa ko ƙara digirin da babu, mai karatu bai manta da Shugaban Majalisar Wakilai Salisu Buhari ba, wanda ya sauka daga kujerarsa cikin Yulin 1999 a kan shekarun haihuwa da digirin Jami'ar Toronto. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bayan mun gama soke-soke, shafi huɗu ya koma rabin shafi, yaro ya yi tagumi, ya ce, "Baba, ai ba abin da ya rage." A nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki. Na tambaye shi abin da yake yi in ba ya aji. Ashe shekara biyu ke nan yana aiki a ɗakin ba da agajin shari'a na ɗalibai. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa cikin 1975, tana cikin jami'o'in farko a ƙasar nan da suka buɗe irin wannan ɗaki, inda ɗalibai ke sauraron talakawan da ba su da kuɗin lauya, ƙarƙashin kulawar malamansu. Ya sha zuwa gidan yari yana tattara bayanan masu jiran shari'a. Ya taɓa tsayawa a kotun gwaji ta ɗalibai. Yana jin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, ban da Turanci. Ya karanta Risala a zaure, ya fara Tuhfa, kuma in aka yi rasuwa a danginsu shi ake kira ya taya malam lissafin gado. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai sa a takardarsa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya sunkuyar da kai ya ce yana ganin abubuwan gida ne, kuma yabon kai jahilci.

Gaskiya ne an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, kuma ni ba zan ce a yar da su ba. Amma dubi yadda abin ya juye: ya yarda a rubuta masa cewa shi haziƙi ne mai ƙwazo, wanda shi ne ainihin yabon kai, ya kuwa ji kunyar faɗin aikin da ya yi da hannunsa, wanda shaida ce kawai. Mutumin da ya rubuta cewa daga wata kaza zuwa wata kaza ya yi hira da fursunoni kaza, ya rubuta takardun neman beli kaza waɗanda malami wane ya duba, bai yabi kansa ba. Ya faɗi abin da ya faru ne, ya bar mai karatu ya yanke hukunci.

Waɗannan "abubuwan gida" kuwa su ne jarinsa. Harshen manyan kotuna Turanci ne, amma tsohuwar da aka ƙwace wa fili a bayan gari da Barbarci za ta yi kuka, kuma lauyan da ke jinta ba tare da tafinta ba ya riga abokin hamayyarsa sanin inda gaskiyar take. Yawancin shari'un talakawa a ƙasar Barno na aure ne da gado da filaye, masu bin fiƙihun Malikiyya. Tsarin mulkin ƙasa ma ya tanadi cewa lauyan da zai zama alƙali a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ban da shekara goma a aiki, sai yana da shaidar ilmin shari'ar Musulunci da aka amince da ita. Saboda haka wanda ya haɗa dokar ƙasa da Shari'a a digirinsa, ko ya fara da difloma a Kwalejin Shari'a da Ilmin Addinin Musulunci ta Muhammadu Goni, ya rubuta haka ɓaro-ɓaro. Kada kuma ɗalibin Maiduguri ya raina makarantarsa in ya ga takardun 'yan Ikko: Marigayi Mai Shari'a Niki Tobi, wanda ya hau Kotun Ƙoli cikin 2002, a nan ya koyar har ya shugabanci tsangayar shari'a.

Sai dai a nan akwai tarko. Sirrin wanda ya kawo ƙara amana ce a dokokin ɗa'ar lauyoyi, kuma ɗalibi ya fara riƙe ta tun yanzu. Ya faɗi irin aikin da ya yi, kada ya ambaci sunan wanda aka yi wa. Babban lauyan da ya ga sunan wani fursuna ko wata mai neman saki a takardar neman aiki ya san abin da za a yi da sirrin ofishinsa gobe.

Takarda ɗaya kuma ba ta buɗe kowace ƙofa. Ma'aikatar Shari'a da hukumomin tarayya, irin su hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa cikin 1976, suna bukatar jiha da ƙaramar hukuma saboda tsarin raba daidai, don haka ɗan Tsohuwar Maiduguri zai rubuta Jere in can ne asalinsa, ya tanadi takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ofishin lauya mai zaman kansa abin da ya dame shi shi ne ko ka iya bincike da rubutu, kuskuren Turanci guda a shafin farko ya isa ya kashe maganar. Ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan sakamakon rikicin da ya ɓarke cikin 2009 sun ɗauki lauyoyi matasa da dama don rikicin filaye da takardun 'yan gudun hijira, su kuma ba ruwansu da hoto ko addini ko yawan 'ya'ya, harsuna da aikin da ka yi cikin jama'a suke dubawa. Amma tun da Amurka ta janye yawancin tallafinta cikin 2025 wannan ƙofa ta ƙuntata ƙwarai.

A ƙarshen takardar yaron ya jera sunayen manyan mutane uku a matsayin masu yi masa shaida, har da wani babban jami'in gwamnati. Na tambaye shi ko mutumin ya san shi, ya ce ya taɓa gaishe shi a wurin ɗaurin aure. Muka cire shi, muka sa malamin da ke kula da ɗakin agajin shari'a, da wanda ke duba kundin bincikensa na shekarar ƙarshe, na kuma ce ya je ya nemi izninsu da bakinsa kafin ya rubuta lambar wayar kowa. Adireshinsa na imel ma, wanda ke ɗauke da laƙabin da abokan ƙwallo suka sa masa, muka sake shi da mai sunansa na gaskiya.

Magariba ta yi muna kan shafi na biyu, wanda bai ma cika ba. Ya karanta daga sama har ƙasa sau biyu, ya ce, "Baba, wannan kam duk abin da aka tambaye ni a ciki zan iya amsawa." Washegari da safe ya tafi Babbar Kotu yin takardar rantsuwa a kan sunansa, ya ce in ya karɓo zai kai takardar ofisoshi uku, biyu a nan Maiduguri, ɗaya a Abuja.